Ziyarar Kufai da Tsofaffin Garuruwa a Ma'aunin Addini

Wanda ya tashi daga birnin Sakkwato da mota bayan an sauko daga Juma'a, ya komo da yammacin Lahadi, zai iya taka da dama daga cikin wuraren da tarihin ƙasar ya gudana a kansu. Arewa da birnin, a ƙasar Gwadabawa, akwai Degel, ƙauyen da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, ya yi karatu, ya tara almajirai. Daga nan aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, a Gudun kuma jama'a ta yi masa mubaya'a a gindin wani itacen faru. Ba nisa da nan Tabkin Kwatto yake, inda aka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yunin shekarar. Can gabas, a ƙasar Sabon Birni, kufan Alƙalawa ne, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Kudu da Sakkwato ga Sifawa, inda Shehu ya zauna yana rubutu da karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ga kuma Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka binne shi a 1837. Wanda ya nufi ƙasar Binji zai iske abin da ya girmi duk waɗannan, wato ganuwar dutse ta Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi, tun ƙarni na 16.

Mafi yawan wuraren nan ƙauyuka ne a yau, wasu ma gonaki ne da tudun ƙasa da makabarta. Masu zuwa cikinsu iri-iri ne: ɗalibin tarihi da littafinsa, ɗan ɗariƙa mai neman tubarraki, ma'aikacin da ofis ya gundura yana son iskar karkara, da matashin da burinsa hoton da zai ɗora a Facebook. Mota ɗaya kan ɗauko su duka huɗu. Tambayar da malamai suka daɗe suna kai kawo a kanta ita ce ko irin wannan tafiya ibada ce, ko halal ce kawai wadda babu lada babu zunubi, ko kuwa ƙofa ce da ke buɗewa zuwa ga abin da aka hana.

Alƙur'ani ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don duba makomar mutanen farko, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Umarnin ya zo a Suratu Yusuf, da Suratul Hajji, da Suratur Rum, da wasunsu. A Suratur Rum an tunatar da mutanen Makka cewa waɗanda suka gabace su sun fi su ƙarfi, sun fi su noma da gini, amma duk sun shuɗe. A Suratul Ankabut an kafa hujja da gidajen Adawa da Samudawa, a Suratus Saffat kuma an ce wa Ƙuraishawa suna wucewa ta kufan mutanen Annabi Luɗu safe da dare. Abin lura a nan shi ne hujjar ta dogara ne ga abin da ido ke iya gani. Labarin waɗannan al'ummu yana cikin wahayi, amma duk da haka aka ce a je a duba, domin gani ya kori ji. Wanda ya tsaya a gaban ganuwar Surame, ya ga duwatsun da aka jera tun kimanin shekaru 500 da suka wuce, ya san hannuwa nawa aka tara kafin a yi wannan aiki, sannan ya duba bai ga kowa ba sai makiyayi da bisashensa, ya fahimci ayar Suratur Rum fahimtar da zaman zaure kaɗai ba ya bayarwa.

Sai dai sunna ta sa wa wannan umarni linzami. A shekara ta 9 bayan hijira, a kan hanyar Tabuka, rundunar Musulmi ta sauka a Hijr, gidajen Samudawa da aka sassaƙa a cikin duwatsu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbansa shiga wurin sai dai suna masu kuka, don gudun kada abin da ya sami mutanen ya same su. Ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, aka ba raƙuma ƙullun da aka kwaɓa da shi, shi kuma ya lulluɓe kansa ya gaggauta har ya fita daga kwarin. Wurin yana nan a ƙasar Saudiyya, ana kiransa Mada'in Salih, kuma shi ne na farko a ƙasar da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya, a 2008.

Wasu masu wa'azi kan ɗauki hukuncin Hijr su shimfiɗa shi a kan kowane kufai, kuma wannan zarce iyaka ne. Wahayi ne ya bayyana cewa azaba ta sauka a Hijr. Babu wahayin da ya sauka a kan Surame ko Alƙalawa, kuma garuruwa kan mutu saboda yaƙi, ko fari, ko ƙaurar kasuwa, ko sauyin hanyar ruwa. Abin da ya game kowane kufai daga cikin wannan hadisi shi ne dalilin da aka ambata: mai shiga ya ɗauki kansa a matsayin wanda irin wannan makoma za ta iya samu. Shi ya sa ayar Suratu Ali Imrana da ta yi umarni da tafiya ta zo a tsakiyar bayanin yaƙin Uhudu, ana magana da muminai ranar da aka ji musu ciwo.

Saɓani mai zafi ya fi tasowa idan akwai kabari a ƙarshen hanyar. Ziyarar makabarta a kan kanta ba a jayayya da ita, domin Muslim ya ruwaito cewa an hana ta da fari, daga baya aka yi izini, kuma an ambaci tuna mutuwa a matsayin amfaninta. Inda aka rabu shi ne hadisin da ya keɓe masallatai uku da ɗaura sirdi dominsu: na Makka, na Madina, da na Ƙudus. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya fahimci hadisin a kan masallatai kaɗai. A wurinsa sauran masallatan duniya darajarsu ɗaya, don haka babu ma'anar barin na gida a tafi na nesa, amma tafiya don ziyarar salihai, rayayyu da matattu, ba ta shiga hanin ba. Ibn Taimiyya ya tafi a kan cewa hanin ya haɗa duk wani wuri da aka nufa da tafiya don neman kusanci ga Allah da wurin kansa. Fatawar ta jawo masa ɗauri a kurkukun Dimashƙa a 1326, a can kuma ya rasu a 1328. Taƙiyyuddin Subki ya mayar masa da martani da littafi sukutum, haka ma alƙalin Malikiyya na Masar, Ikhna'i. Wannan muhawara ce ta sake tashi a Arewacin Najeriya tsakanin malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya da kuma ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, kuma hujjojin ɓangarorin biyu ba su canza sosai ba tun ƙarni na 14.

Akwai abin da zafin muhawarar kan ɓoye. Ibn Taimiyya bai hana tafiya don neman ilimi, ko fatauci, ko sada zumunta ba. Gazali kuma bai halatta roƙon mamaci abin da Allah kaɗai ke bayarwa ba, har ma ya caccaki masu yawon banza da sunan sufanci a zamaninsa. Ɗalibin da ya je Wurno don ya ga yadda Bello ya tsara ribaɗi, ya biya ta kabarinsa ya yi masa sallama da addu'a, ba shi ne abin saɓanin ba. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda ya ɗaura niyya tun daga gida cewa addu'arsa ta fi karɓuwa a gefen wannan kabari.

Game da wuraren da ba kabari ba, kamar itace ko dutse ko wurin da wani babba ya taɓa yin salla, saɓanin ya fara tun a gida ɗaya. Abdullahi ɗan Umar ya kasance yana bin wuraren da Annabi (SAW) ya yi salla a kan hanyar Makka da Madina yana salla a cikinsu, Buhari kuma ya ware wa wuraren babi. Mahaifinsa, Sayyidina Umar, an ruwaito cewa ya hana mutane rububin irin waɗannan wurare, kuma Ibn Sa'ad ya kawo cewa da ya ji ana zuwa salla a gindin itacen da ake cewa nan aka yi mubaya'ar Hudaibiyya, sai ya sa aka sare shi. Ibn Waddah ya ruwaito cewa Imam Malik da malaman Madina ba su so a riƙa zuwa irin waɗannan wurare ba, ban da Ƙuba da Uhudu. Togaciyar Ƙuba tana da dalili, domin ya tabbata cewa Annabi (SAW) kan je can kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa. Wannan tarihi ya shafi Gudu kai tsaye, tunda can ma mubaya'a ce a gindin itace. Mai tsayawa a wurin don ya tuna ranar da wasu 'yan gudun hijira marasa dawaki da sulke suka naɗa wa kansu shugaba yana kan umarnin a je a duba. Mai ɓare ɓawon itace ya sa a aljihu ya shiga abin da Umar ya ji wa tsoro.

Shi kansa Shehu Usmanu ya yi magana a kan wannan. Baƙadire ne, ya yarda da waliyyai da karamominsu, don haka ba za a jingina masa ƙin salihai ba. Amma a cikin Ihya'us Sunna, wanda ya rubuta a 1793, ya lissafa ziyarar kabari cikin sunna, ya kuma yi gargaɗi a kan shafar kabari da ɗibar ƙasarsa don neman albarka. A Nurul Albab ya yi tsanani a kan masu girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka. Wannan batu ma ya shiga cikin wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, waɗanda Bello ya tattara a Infaƙul Maisur. Al-Kanemi ya kafa hujja da cewa a Dimyaɗ ta ƙasar Masar, garin ilimi, akwai itacen da jahilai ke yi wa irin wannan hidima, amma babu wanda ya kafirta garin ko ya yaƙe shi. Su biyun sun haɗu a kan cewa aikin kuskure ne. Hukuncin mai yin sa ne ya raba su. Saboda haka wanda ya je Degel ya ƙulle ƙasar makabarta a bakin zane ya saɓa wa mutumin da ya je girmamawa, wanda kuma ya gan shi ya yi gaggawar kafirta shi ya tsallake tambayar da manyan malamai biyu suka yi shekaru suna gardama a kanta.

Alƙalawa ce ta fi kowane wuri gwada zuciyar mai ziyara. Sarkin Gobir Babari ya mayar da ita babban birni bayan ya ci Zamfara a ƙarni na 18, a nan Bawa Jangwarzo ya yi sarauta, a kusa da ita kuma aka yi yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda jama'ar Shehu ta rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani 200. Bayan shekara huɗu birnin ya faɗi, aka kashe Yunfa. Abu ne mai sauƙi baƙo ya tsaya a kan wannan kufai ya ji daɗin nasara kamar shi ya yi ta. Amma Gobirawa ba su ƙare ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sun kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi a Nijar ta yau, daga baya wasunsu suka kafa Sabon Birni. Jikokinsu Musulmi ne, malamai da mahaddata da limamai, kuma mai yiwuwa wanda zai nuna wa baƙo hanyar kufan daga cikinsu yake. Abin da baƙon ke kira wurin nasara, gidan kakannin mai yi masa jagora ne.

Haka nan izinar ba ta tsaya ga waɗanda aka ci ba. Tun a 1807, kafin ma Alƙalawa ta faɗi, Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya bar jama'ar ya nufi gabas saboda son duniya da ya gani ya fara shiga cikinta, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da adalci. Daular da aka kafa ta yi kusan shekara 100, sannan Turawan Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi tasa ƙaura zuwa gabas, ya kwanta dama a Burmi a watan Yulin shekarar. Tafiyar da ta fara da Degel ta ƙare da Giginya ta fi koyarwa a kan wadda ta tsaya a Alƙalawa, domin tana nuna cewa zalunci da rarrabuwar kai da sakaci ba su san ƙabila ko tuta ba.

To, wanda bai fito don izina ko tubarraki ba fa, hutu kawai yake nema? Asalin irin wannan tafiya halacci ne, kuma rai yana da haƙƙi. Fiƙihun Malikiyya dai yana auna tafiya da manufarta, abin da ke bayyana a babin kasaru. A cikin Muhtasar na Halil, sunnar rage salla ta matafiyin da zai yi barid 4 ce, wato mil 48, kimanin kilomita 80, muddin ba tafiyar saɓo ba ce ko ta wasa, misalin da masu sharhi kan bayar na wasan kuwa shi ne farauta ba don buƙata ba. Wanda ya taso daga Kano ko Zariya ya wuce wannan nisa da yawa, kuma tunda bai yi niyyar zaman kwana 4 ba, zai ci gaba da kasaru har ya komo. Mutumin Sakkwato da ya leƙa Sifawa ko Wurno bai kai nisan ba, cika sallarsa zai yi. Wanda Juma'a ta wajaba a kansa kuwa makaruhi ne ya fita bayan alfijir ɗin ranar, haramun ne bayan rana ta karkata, sai in zai riski sallar a hanya.

Akwai haƙƙin da littattafan muhawara ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali shi aka fi takewa, wato haƙƙin mazauna wurin. Degel da Sifawa da Gudu garuruwa ne masu rai, da hakimi ko dagaci, da liman, da mata a cikin gidaje, da gonakin da ake ci daga gare su. Ladubban da Suratun Nur ta koyar na neman izini da sallama kafin shiga gidan wani ba su faɗi ba don gidan ya tsufa. Baƙon kirki kan fara da ƙofar mai gari, ya ce «Ranka ya daɗe, mun zo ziyara ne», ya karɓi wanda aka haɗa shi da shi, ya gai da dattawa da «Baba, mun same ku lafiya?» kafin ya fara tambaya. Ba ya ɗaukar hoton mace ko yaro ba da izini ba, ba ya ratsa shuka da mota, ba ya taka kabari don ya sami inda hoto zai yi kyau. Akwai kuma abin kunya ga wanda ya zubar da hawaye a kan waɗanda suka rasu shekara 200 da suka wuce, ya sha ruwan da aka ɗebo masa daga nesa, ya shiga motarsa bai tambayi yadda makarantar garin ko rijiyarsa take ba. Dattawan nan su ne ma'ajiyar rabin tarihin. Su suka san ina ne ƙofa, ina ne kasuwa, wane tudu ne masallaci, abin da babu allon da ya rubuta shi.

Daga nan batun kiyaye wuraren ke tasowa. Idan an yi umarni da a je a duba, dole a bar abin da za a duba. Ginin Hausa na ƙasa ne, damina kan ci shi idan ba a yaɓe, shi ya sa Alƙalawa ta koma tudu, Surame mai dutse ta tsaya. An ayyana Surame a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964, an kuma sa ta cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007, a Sakkwato kuma akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu mai adana rubuce-rubuce da kayan tarihi. Masu ganin rushewa ita ce maganin shirka kan kafa hujja da itacen da Umar ya sare. Amma Umar shugaba ne mai iko, ya kuma sare itace ɗaya da ya ga an mayar wurin salla. Gidajen Hijr an bar su tsaye, sahabban da suka ci Masar a zamaninsa ma ba su rushe dalar Fir'auna ba. Abin da aka yi wa hubbarorin Timbuktu a 2012, wanda Kotun Duniya Mai Hukunta Manyan Laifuka ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 a kansa a 2016, bai gyara aƙidar kowa ba, kuma mutanen garin sun sake gina su. Malami guda da zai zauna a Degel yana karanta wa masu ziyara abin da Shehu ya rubuta a kan kabari zai fi gatari aiki.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne amincin hanya. Malamai sun sanya shi cikin ikon da ke wajabta aikin Hajji kansa, balle tafiyar da ba farilla ba. A shekarun nan 'yan bindiga sun addabi gabashin jihar Sakkwato, musamman ƙasar Sabon Birni da Isa, inda Alƙalawa take, yankin Gudu da Tangaza kuma ya sha fama da 'yan bindigar Lakurawa. Mai niyyar zuwa waɗannan wurare sai ya tambayi mutanen gari da direbobin tasha halin da hanyar ke ciki a makon da zai tafi, ya fita da rana ya komo da rana. Idan aka ce masa hanya ba ta biyuwa, hukuncin tafiyar ya tashi daga halacci ya koma hani, kuma Hubbaren Shehu da Cibiyar Waziri Junaidu da filin Giginya duk suna cikin birnin Sakkwato.